Fuskar Mama a Jikin Kofi

Shagona yana bakin hanya a Unguwar Mu'azu a Kaduna, ɗan ƙarami ne, in na miƙe hannu biyu na kusa taɓa bango da bango. Aikina buga hoto a jikin kofin tangaran da tambulan na ƙarfe mai murfi, irin waɗanda ake rabawa a taro. In an yi aure a zo wurina, in an yi suna a zo, in wani ya yi ritaya abokan aikinsa su kawo hotonsa yana murmushin dole. Amma gaskiya mutuwa ce ta fi riƙe shagon. Mu mutanen kudancin jiha ba ma binne babba a watse haka kawai, sai an raba kofi mai hoton mamacin, kowa ya tafi da nasa gida. Maƙwabcina, wani Malam tela da ke zuwa daga Tudun Wada, bai taɓa daina mamakin wannan al'ada tamu ba. Duk sa'ad da ya ga ana sauke kwalaye a ƙofata sai ya leƙo ya ce, "Madam, yau kuma a kan wa za a sha shayi?" Ni kuma in ce masa ya ji da allurarsa.

Aikin ba shi da wani asiri. In gyara hoton a kwamfuta, in juya shi kamar a madubi, in fitar da shi a kan takardarsa ta musamman da tawadarsa ta musamman. A takardar yakan fito dishi-dishi, kamar wanda rana ta cinye, har wanda bai saba ba ya fara tsaki yana cewa an cuce shi. Sai in goge kofin tas, in naɗe shi da takardar, fuskar tana kallon ciki, in liƙe da salatif mai jure zafi, in sa a bakin injin in danne hannunsa. Zafi ne ke yin sauran. Tawadar ta zama tururi ta shige cikin fatar kofin, in injin ya yi ƙara in ciro da safar hannu, in ɓare takardar tun tana ƙuna. Abin da ya shiga ya shiga ke nan. Sabulu ba ya fitar da shi, soson ƙarfe ba ya fitar da shi, sai dai in kofin ya fashe.

Da na fara sana'ar, baƙar fuska ce ta fi ba ni wuya. In zafi ya yi yawa mutum ya koma kamar ƙanzo, in ya yi kaɗan ya fito fari-fari kamar mai jinya. A kan fuskar Mama na koya, don ita ce baƙar da ke kusa da ni, kuma ba ta da inda za ta kai ƙara. Mahaifiyata baƙa ce wuluk, mai wushirya, da tsage a kumatunta biyu irin na garinmu, wanda aka yi mata tun tana goye. Tsagen nan shi ya zama ma'aunina. In na ɓare takarda na ga layukan sun fito sarai, kowane a wurinsa, to na san zafi ya yi daidai, in sun narke cikin kumatun na san da saura. Takan zauna a kan benci a bakin shagon tana ɓare gyaɗa, in miƙa mata kofin da ya lalace ta juya shi ta ce, "Ke dai ki bi ni a hankali, kin gasa ni jiya, kin gasa ni yau."

Tun da Baba ya rasu muke zaune tare da ita a Trikania. Mu uku ta haifa da muka rayu. Yaya, babbarmu, tana Abuja tana auren wani babban ma'aikaci. Namijin da ke bi mata yana Legas. Ni ce auta, ni ce kuma ban je ko'ina ba. Da ɓarin jikin Mama ya shanye, ni ce mai wanka, ni ce mai juya ta a gado, ni ce mai wankin zannuwan da ba a shanyawa a gaban mutane. Shago yakan wuni a rufe, masu aure su gaji da jira su kai aikinsu wani wuri. Ba zan ce 'yan'uwana ba su yi komai ba, in na faɗi haka na yi musu ƙarya. Suna aike, suna bugo waya, su ce in kanga mata a kunne su gaishe ta. Amma kullum da safe in na tsoma tsumma a ruwan ɗumi ina goge mata fuska, ina bin tsagen nan da yatsa don kada sabulu ya maƙale, ni kaɗai ce a ɗakin.

Ta rasu da damina, da hantsi, ina cikin dama mata kunu. Aka kai ta ɗakin ajiye gawa kamar yadda muka saba, har 'ya'ya su shirya. To, a nan na ga shiri. Mutanen da jinya ba ta iya kawo su Kaduna ba, mutuwa ta kawo su da jakunkuna. Gidan da ya saba da shiru da warin magani ya cika da takalma a bakin ƙofa. Aka kafa kwamitin abinci, aka kafa na rumfa da kujeru, aka zaɓi anko, aka yi gardama a kan saniya. Yaya ta zauna a kujerar Mama da tabarau a goshi da waya biyu a cinya tana raba aiki. Da ta zo kaina ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ke kuma sobiniya, kayan rabo. Ai an huta, muna da mai kofi a gida. Tambulan na manyan baƙi, kofi na sauran jama'a."

Ban ji haushin wannan ba, har wani daɗi na ji a raina. Na buga iyayen mutane ba adadi, yau ga tawa, kuma na riga na san hoton da zan sa. Na ɗauke shi a ƙofar coci ranar godiyar girbi, kafin ciwon ya zo. Tana sanye da zanen matan zumunta, ɗankwalinta ya ɗan zame baya, tana yi wa wata dariya a gefe, wushiryar a waje, rana ta haska kumatun har kana iya ƙirga layukan. Duk wanda ya san ta, in ya ga hoton nan zai ji kamar muryarta na tafe. Na buɗe shi a waya na miƙa wa Yaya.

Ta sauko da tabarau, ta duba, ta taɓe baki.

"Haba. Wannan za ki sa? Kamar wadda ta dawo daga gona?"

"Ai daga gona ta fito, Yaya. Mu ma daga can muka fito."

"Kar ki yi mini rashin kunya. Duba wayarki, na turo miki wanda za a yi amfani da shi. An riga an kai wa mai fosta da mai riguna."

Na duba. Wata mata ce fara sol, fatar sumul kamar ta jariri, da jan baki, da gira a zane, da gwaggwaron zinariya ya tashi sama, da sarƙa a wuya. Bakin a rufe yake, ba wushirya. Kumatun nan wayam, ba layi ko ɗaya. Da na ƙura ido na gane idanun, na gane kunnen, na gane daga wani tsohon hoton Mama na bikin ɗan Yaya aka fara. Ɗanta ne ya zauna da waya ya yi ta shafa har ya shafe kakarsa.

Na ce, "Yaya, wannan wace ce?"

"Kamar yaya wace ce? Mama ce mana. An ɗan gyara ta ne."

"Ina tsagenta?"

"Abeg, kar ki fara. Mutanen ofis ɗin maigidana za su zo, matan ƙungiyarmu za su zo. Kofin nan a kan tebur za su ajiye shi a Abuja, ba a Trikania ba."

Raina ya ɓaci. Na ce mata fuskar da take jin kunya ita ce ta yi dakon itace ta biya mata makaranta. Na ce mata tun muna yara na san ba ta son Mama ta zo ziyara makarantar kwana, don 'yan ajinsu suna tsokanarta da ɗiyar mai tsage. Na faɗi abubuwa da yawa, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba. Ina jiran ta hau ni da faɗa, sai ta fashe da kuka, kuka na gaske, har da majina.

"Matar nan ta sha wahala a duniya," in ji ta. "Ko sau ɗaya ba ta taɓa rataya zinariya ba. Yanzu ma da ta tafi ba za ki bari ta yi kyau ba?"

A nan na ga ita ma a nata tunanin kyauta take yi wa uwarta. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne kalmar nan, ta yi kyau. Ashe duk shekarun nan, a idon 'yar da ta fara haifa, Mama ba ta da kyau.

Aka kai magana gaban yayana na Legas, tunda shi ne namiji, ko da yake rabonsa da ganin fuskar da ake gardama a kanta an daɗe. Yana tsaye a tsakar gida yana ciniki da mai rumfa a waya. Ya kalli hoton nan, ya kalli wancan, kamar mai zaɓen yadi. Ya ce na Yaya ya fi fitowa. Na ce to a bar ni in buga kaɗan da ainihin fuskarta, ko don tsofaffin da suka san ta. Yaya ta yi tsalle ta dire. A jana'izarmu hoto ɗaya ake sawa, shi ne a fosta, shi ne a riga, shi ne a takardar tsarin sujada, shi ne a kofi. In aka ga fuska biyu, ta ce, gobe duk gari zai ɗauka kan 'ya'yan marigayiya a rabe yake, kowa da uwarsa. A nan ba ta yi ƙarya ba, na san bakin mutanenmu.

Yayan nawa ya rufe wayar da tafin hannu ya dube ni. "Auta, aiki fa aka ba ki. In ba za ki iya ba ki faɗa, akwai masu yi a cikin gari."

Aiki aka ba ni. Na tsaya ina maimaita maganar a raina, a tsakar gidan da na yi shekaru ina shanya zannuwanta. Na san in na ƙi, kafin rana ta faɗi sun tsallaka gada sun ba wani wanda bai taɓa jin sunanta ba, kofunan kuma su fito da wannan farar matar duk da haka. Na ɗauki makullin shago na fita, ban ce wa kowa sai na dawo ba.

Kwanakin da suka biyo baya a gaban injin na yi su. Wuta ta zo in yi da ita, ta ɗauke in ja janareto, shagon ya cika da zafi da hayaƙi. In naɗe, in liƙe, in danne, in jira ƙara, in ciro, in ɓare. Tambulan sai an juya shi a sake dannawa don zafi ya zagaye shi, saboda haka manyan baƙi sun ci lokacina ninki biyu. Duk takardar da na ɓare sai baƙuwar nan ta fito tana kallona da idanun uwata. Idona ya saba neman layukan kumatu don in san ko zafi ya yi, sai in kai ido wurin in tarar ba komai. Farar fuska kuma ba ta da wuyar bugu, ko mai koyo zai iya. Ko kofi ɗaya bai lalace ba. Tunda nake sana'ar nan ban taɓa yin aiki mai tsabta kamar wannan ba, kuma ban taɓa tsanar aikin hannuna kamarsa ba.

Malam tela ya leƙo rana ɗaya da azahar. Ya riga ya zo gida ya yi mini ta'aziyya, ya kuma san Mama sarai, don ya sha cin gyaɗarta a bencin nan. Ya ɗauki kofi ɗaya daga waɗanda suka huce, ya juya shi, ya daɗe yana kallo. Na shirya wa tsokanarsa, har na tanadi amsa mai zafi. Ya mayar da kofin inda ya ɗauka a hankali.

"Allah ya ba da haƙuri, Madam," ya ce, ya koma kan kekensa.

Aka yi sujada a cocinmu na Trikania don mutanen Kaduna su yi bankwana da ita kafin a wuce da ita garinmu a binne. Bayan an tashi aka zauna a ƙarƙashin rumfuna, aka kawo shinkafa, aka fara rabo. Duk wanda ya san rabon kaya a jana'iza ya san yadda hawaye ke bushewa da wuri. Matan da suka gama birgima ɗazu su ne suka miƙa hannu biyu, wata tana karɓar na maƙwabciyarta da ba ta zo ba, wata ta tura ɗaya a jaka ta sake miƙo hannu kamar ba ita ba. A rumfar manya kuwa ana ta juya tambulan ana yabawa. Da kunnena na ji wata mai turare tana ce wa Yaya, "Ashe mamanku kyakkyawa ce haka! Yanzu na ga inda kika samo hasken nan." Yaya ta sunkuyar da kai tana murmushi tana share ido. Wani ma ya tambayi wa ya yi aikin, aka nuno ni da yatsa, ya ce zai nemi lambata.

Ni na ɗauki kwali na nufi rumfar matan zumunta, ƙawayen Mama, suna zaune a jere cikin zanensu iri ɗaya. Su ba su yi wawa ba. Kowace ta karɓa ta ce an gode, ta duba, ta dubi ta kusa da ita, ta sa a jaka. Kallon nan ya fi mini zagi ciwo.

A ƙarshen layi akwai wata tsohuwa da muke kira Mamar Mahuta, don a Mahuta take zaune wurin ɗanta. 'Yar garinmu ce, tsagenta irin na Mama sak. Da shi ma suka san juna. Lokacin da aka kawo Mama Kaduna tana amarya, ba ta san kowa ba, ba ta jin Hausa sosai, wannan matar ta hango kumatunta a kasuwa ta bar kayanta ta zo ta gaishe ta da yarenmu. Tun daga ranar ba su rabu ba. Duk tsawon jinyar nan takan hau keke mai ƙafa uku ta zo da ɗan kunu a kwano, ta zauna a bakin gado tana ba Mama labari ko da ba a amsa mata.

Na durƙusa na miƙa mata kofin da hannu biyu. Ta karɓa, ta nisanta shi da idonta, ta matso da shi, ta goge shi da bakin zane kamar ƙura ce ta rufe abin da take nema.

"'Yata, an yi kuskure. Na wata jana'izar kika ba ni."

"Ba kuskure, Mama. Ita ce."

Ta sake dubawa. Ta ɗaga kai ta kalli fostar da ke rataye a jikin rumfa, ta kalli rigunan jikoki da ke kai da kawowa, ko'ina fuskar nan ce. Na ga lokacin da ta gane. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta kai yatsunta kan kumatunta ta shafa nata layukan, daga sama zuwa ƙasa.

"Ke kika buga?"

"Ni ce, Mama. Haka 'yan gida suka ce."

Ta gyaɗa kai. Ta kamo hannuna ta ɗora mini kofin a tafi, ta naɗe yatsuna a kansa da nata, kamar yadda ake ba yaro abu don kada ya yar.

"Riƙe abinki, ba ni da inda zan ajiye baƙuwa," ta ce. Sai ta jawo ni kusa, ta rage murya don kada na gefe su ji. "Ni ma na kusa. Ɗana yana da irin wayar nan. In sun kawo miki hotona, ki ce musu injinki ya lalace."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta gyara zanenta, ta bi sauran matan zuwa inda aka ajiye akwatin. Ni kuma aka ƙwala mini kira daga rumfar manya, wai tambulan bai isa ba.